Daga Legas 1980 Zuwa Yamai 2019: Yadda Alƙawuran Afirka Ke Maƙalewa a Hanyar Zuwa Gida

 Yau tarihi za mu taɓa, amma irin tarihin da ya shafi farashin shinkafa, da maganin asibitin unguwarku, da direban da ya kwana sati biyu a bakin boda. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

Bari in fara da ranaku biyu. Ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Mai masaukin baƙi a ranar shi ne Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin wannan tafiya. An tafa, an ɗauki hoto. Ranar 20 ga Agustan wannan shekarar dai, wato ko wata biyu ba a cika ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Jibiya, Illela, Maigatari, Kamba, Seme, duk aka garƙame. Ba a fara buɗewa ba sai a watan Disamban 2020.

To tambayar da nake so mu bi yau ita ce: ta yaya ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, za ta sa hannu kan buɗe kasuwa a watan Yuli, ta rufe ƙofa a watan Agusta? In ka ce munafunci ne kawai, ka sauƙaƙa wa kanka amsa. Abin ya girmi Buhari, ya girmi Issoufou. Sai mun koma baya shekara arba'in kafin mu gane.

A watan Afrilun 1980, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, suka yi taro na musamman a Legas, zamanin Alhaji Shehu Shagari. Tun kafa ƙungiyar a Addis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963, hankalinta ya fi karkata ga korar 'yan mulkin mallaka da yaƙi da wariyar launin fata. A Legas ne aka zauna takanas don tattalin arziki. Abin da ya fito shi ake kira Tsarin Aiki na Legas, na shekarar 1980 zuwa 2000. Babban wanda ya tsaya a kan rubuta shi ɗan Najeriya ne, Farfesa Adebayo Adedeji, wanda a lokacin yake shugabantar hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin da tsarin ya ce a taƙaice: mu ciyar da kanmu, mu daina fitar da ɗanyen kaya muna sayo sarrafaffe, mu gina masana'antu, mu yi ciniki da juna, kuma kafin shekarar 2000 mu zama kasuwa ɗaya. Wallahi in ka karanta shi yau sai ka ɗauka jiya aka rubuta. Ni a jami'a na fara jin sunansa, kuma haddace shi muka yi don jarrabawa, ba wanda ya ce mana mu tambayi ina ya kwana.

Ga inda ya kwana. Shekara ɗaya bayan taron Legas, a 1981, Bankin Duniya ya fitar da nasa rahoton, wanda aka fi sani da Rahoton Berg, daga sunan masanin da ya jagoranci rubuta shi, Elliot Berg. Shi kuma cewa ya yi laifin daga cikin gida ne: gwamnatoci sun cika tsoma hannu a kasuwa, sun ɗaga darajar kuɗinsu fiye da kima, sun danne manomi. Maganinsa shi ne a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a ƙara fitar da amfanin gona waje. Sai ga takardu biyu a kan teburin kowane ministan kuɗi. Ɗaya shugabansa ne ya sa mata hannu, amma ba ta zo da ko sisi ba. Ɗayar baƙi ne suka rubuta, amma da bashi a bayanta. A daidai lokacin kuma farashin fetur, koko, auduga da tagulla ya faɗi, bashi ya taso wa ƙasashe a wuya. Kun san wacce aka ɗauka. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

A Najeriya, Shagari ya shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982. A watan Janairun 1983 gwamnatinsa ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasa. Mutanen Ghana kusan miliyan ɗaya suka kwashi kayansu, daga nan jakar nan ta samo sunan da muke kiran ta da shi har yau. Akwai 'yan Nijar da 'yan Chadi masu yawa a cikin waɗanda aka kora. Ku lura fa, ƙungiyar ECOWAS a Legas aka kafa ta a 1975, kuma a 1979 ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar jama'a. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron haɗin kai a 1980, ita ce ta loda maƙwabta a mota shekara uku bayan nan.

Ba a tsaya nan ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, aka bar su a rufe har 1986. Wannan ya zo daidai da babban fari. Dattawan yankin Maraɗi har yau suna kiran yunwar wancan lokaci da sunan El-Buhari, domin hatsin da aka saba shigo da shi daga kasuwannin Najeriya ya yanke. A 1986 Janar Babangida ya rungumi shirin SAP. Nairar da a 1980 ta fi Dala daraja a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 1986 sai ka ba da kusan huɗu kafin ka samu Dala ɗaya. A 1989 ɗalibai suka fito zanga-zanga. A shekarar nan Adedeji ya sake fito da wani tsarin da zai maye gurbin SAP, shugabanni suka yaba, aka ajiye shi kusa da na farko.

Cikas na farko ke nan, kuma har yau yana nan: tsarin da ba shi da kuɗin kansa, tsarin mai kuɗi ne zai haɗiye shi.

Mu ci gaba. Ranar 3 ga Yunin 1991, a Abuja, aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka. Ta fara aiki a 1994, an tsara ta mataki shida cikin shekara 34, har a kai ga babban banki ɗaya da kuɗi ɗaya a 2028. Ku duba kalanda ku gani ko mun kusa. A 2001 aka haifi NEPAD, Obasanjo, Thabo Mbeki, Bouteflika, Abdoulaye Wade da Hosni Mubarak ne a gaba. Bayan wasu shekaru shi kansa Wade ya fito fili yana ƙorafin cewa an kashe kuɗi a taruka, ba a ga aiki a ƙasa ba. A 2002 a Durban, OAU ta zama Tarayyar Afirka. A 2013, wurin bikin cika shekara 50, aka ƙaddamar da tunanin Ajandar 2063, aka amince da ita a Janairun 2015. A cikinta akwai alƙawarin kashe ƙarar bindiga kafin 2020. Da shekarar ta zo, mutanen Zamfara, Borno, Diffa da Tillaberi ba su buƙaci rahoto ba don su san sakamakon. Aka ƙara wa'adin zuwa 2030.

Yanzu bari mu ɗauki alƙawura biyu masu lamba, don lamba ba ta da wuyar bibiya. A Afrilun 2001, a Abuja, shugabanni suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Sunan babban birninmu takardar take ɗauke da shi, amma gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa kai wa kashi 15 ɗin ba, yawancin shekaru a kewayen kashi 5 take yawo. A 2003 a Maputo aka ce kashi 10 ga noma, aka sake jaddadawa a Malabo a 2014. A nan ma Najeriya tana can nesa. Abin lura, ƙasashe irin su Nijar, Mali, Burkina Faso, Habasha da Malawi sun taɓa kai wa kashi 10 ɗin a wasu shekaru, alhali ba su kama ƙafar Najeriya a arziki ba. Ke nan talauci kaɗai bai isa ya zama uzuri ba.

To me ke tare hanya? Bari in lissafo su kamar yadda na fahimta.

Bayan kuɗi, sai doka. Mutane da yawa suna ɗauka da zarar shugaban ƙasa ya sa hannu a Addis Ababa, magana ta ƙare. A'a. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce babu wata yarjejeniya da ƙasar ta ƙulla da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. In kuma batun ya shafi hurumin jihohi, sai an bi ta majalisun jihohi. Su kuwa alƙawuran Abuja da Maputo, sanarwa ce ma kawai, ba wata kotun da za ka kai minista don ya saɓa musu. Duba ƙa'idar zirga-zirgar jama'a ta Tarayyar Afirka da aka amince da ita a Janairun 2018. Ƙasashe sama da 30 sun sa hannu. Tana buƙatar 15 su tabbatar a gida kafin ta fara aiki. Shekaru bayan nan, huɗu kacal suka yi: Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome. Sa hannu a gaban kyamara kyauta ne. Tabbatarwa a gida kuwa sai an fuskanci majalisa, jami'an tsaro, da masu tsoron baƙi za su ƙwace musu aiki.

Sai tsarin mulkin ƙasar kanta. Wanda ya yi alƙawari daban, wanda aikin yake hannunsa daban. Shugaban ƙasa ne ya je Maputo, amma ƙasar noma a hannun gwamna take tun dokar filaye ta 1978, malamin gona kuma ma'aikacin jiha ne. Shugaban ƙasa ne ya yi alƙawarin lafiya, amma ƙaramin asibitin ƙauyenku na jiha da ƙaramar hukuma ne. Jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, ba ko ɗaya da aka kira wurin taron. Kuɗin ƙananan hukumomin ma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa suke bi, gwamnoni na riƙe da maƙogwaronsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba su kai-tsaye. Na taɓa raka 'yar uwata awo wani ƙaramin asibiti, ma'aikaciya ɗaya ce tak take duba mata sama da talatin, safar hannu ma mu muka sayo. Tsakaninta da takardar Abuja akwai ma'aikatu da ofisoshi da sa hannu da ba za su ƙirgu ba, kuma a kowane mataki wani abu yana zubewa.

Sai canjin gwamnati. Ajandar 2063 ta shekara 50 ce, ɗan siyasa kuwa shekara huɗu yake gani. Ku ƙirga tsare-tsaren da Najeriya ta yi: Vision 2010 na Abacha, NEEDS na Obasanjo, ƙudurori bakwai na 'Yar'aduwa, Vision 20:2020, ajandar kawo sauyi ta Jonathan, ERGP na Buhari, yanzu kuma ga na Tinubu. Kowa ya zo sai ya raɗa wa nasa suna, ya kafa kwamiti, ya bar na baya ya bushe. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka fara tun 1979, wanda shi ne irin masana'antar da Tsarin Legas yake mafarki, har yau bai kammalu ba. In ƙasa ba ta iya riƙe tsarinta na shekara goma, da wane hannu za ta riƙe na nahiya na shekara hamsin?

Sai wanda ya fi wuya, wato masu asara. A nan sai mun yi adalci. Lokacin da ƙasashe 44 suka sa hannu kan AfCFTA a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, Buhari fasa tafiyar ya yi a ƙurarren lokaci, saboda ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun ce ba a shawarce su ba. Tsoronsu yana da tushe. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, ya san yadda masaƙu suka mutu bayan rashin wuta, tsadar aiki da kwararar atamfar waje sun haɗu a kansu. Rufe bodar 2019 ma akwai hujjar da aka bayar: shinkafar Asiya da ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, da fetur mai tallafi da ake fitarwa. Manomin shinkafa a Kebbi ko Haɗeja ya ji daɗin farashi. Amma mai saye a birni ya ɗanɗana kuɗarsa, mai albasa da mai dabbobi da mai dabino da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Daura, suka tafka asara. Fasa-ƙwaurin kuma bai tsaya ba, kuɗin hanya ne ya ƙaru.

Abin da nake so ku gani shi ne, kowane tsarin nahiya yana da wanda zai ci riba da wanda zai yi asara a cikin gida. Masu asarar sun san kansu, suna da ƙungiya, suna da lambar wayar minista. Masu ribar a warwatse suke, yawancinsu ma ba su san an yi yarjejeniyar ba. In ba a zauna da masu asarar tun farko an tsara yadda za a rage musu raɗaɗi ba, su za su kashe tsarin, kuma ba za ka ga laifinsu gaba ɗaya ba.

Sai siyasa da tsaro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Sai a farkon 2024 aka ɗage. A Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Yarjejeniyar Abuja ta 1991 a kan ƙungiyoyin yanki irin su ECOWAS ta ɗora ginin kasuwar Afirka. Yau tubalin da kansa ya tsage. A cikin shekara arba'in, sau uku ke nan ana rufe iyakar da ta raba Hausawa gida biyu, 1984, 2019 da 2023, kowanne da dalilinsa, kuma duk a ƙarƙashin takardun da suka ce a buɗe.

Ita kanta Tarayyar Afirka ba ta tsira ba. Hedikwatarta da aka buɗe a Addis Ababa a 2012 ƙasar Sin ce ta gina mata. Kaso mai yawa na kuɗin ayyukanta daga ƙasashen waje yake zuwa. A 2016 a Kigali aka amince kowace ƙasa ta sa harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan wasu kayan da ake shigowa da su don a riƙe ƙungiyar, amma ƙasashe da yawa ba su aiwatar ba. Ƙungiyar da ke jiran mambobinta su biya kuɗin wata, da wane baki za ta tsawata musu?

Kar ku ce na zo in kashe muku gwiwa. Akwai wanda ya yi nasara, kuma makiyaya sun fi kowa saninsa: yaƙi da ciwon bushiya na shanu. A farkon shekarun 1960 aka fara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa daga yankin Tafkin Chadi, tsakanin Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi. Cutar ta ja baya sosai. Da shirin ya ƙare, ƙasashe suka saki jiki, ba su ci gaba da allura ba, sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa garken Fulani mummunar ɓarna. A 1986 aka sake ɗaura ɗamara a ƙarƙashin ofishin kula da dabbobi na OAU, wannan karon da sa ido da bibiya har bayan an daina ganin cutar. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Me ya bambanta shi? Buri ɗaya ne tak, kowa zai iya auna shi. An san wanda aikin yake wuyansa, daga ofis har malamin dabbobin da ke bin ruga. An samu kuɗi na tsawon lokaci, duk da cewa yawancinsa daga Turai ya zo. Sannan mai shanu ya ga amfanin abin da idonsa, shi da kansa yake kawo garkensa.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damu na. Shekara arba'in ana rubuta tsare-tsare da Turanci da Faransanci da Larabci da harshen Fotugal, ana tattauna su a otal, mutanen da aka ce don su aka yi ba su taɓa jin labari ba. Alƙawarin da jama'a ba su san da shi ba, ba wanda zai biyo bashinsa. Gwamna bai taɓa faɗuwa zaɓe don ya saɓa wa Maputo ba, to me zai dame shi?

Saboda haka ga ɗan aikin da nake roƙon mu yi, ba mai yawa ba ne. Kasafin kuɗin jiharku ba sirri ba ne, yawancin jihohi suna sa shi a intanet. Ku sauke na bana. Ku nemo jimillar kuɗin, ku nemo na lafiya da na noma, ku raba ku ga kashi nawa ne. Lamba biyu za ku riƙe: 15 da 10. Kar ku tsaya a abin da aka ware, ku nemi rahoton abin da aka saki, don a nan ake yin wasan. In lokacin sauraron ra'ayin jama'a kan kasafi ya zo, ku je da lambobinku a rubuce. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi cikin ladabi ko ya san da waɗannan alƙawura, kuma a shekara ta nawa yake ganin jihar za ta kai. 'Yan uwanmu na Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi, ku ma ƙasashenku suna cikin waɗannan alƙawura, lissafin iri ɗaya ne.

Adedeji ya rasu a 2018, bai ga kasuwar da ya tsara za ta tsaya a 2000 ba. A 2063, waɗanda muke cikin shekarunmu na ashirin yanzu za mu kusanci sittin ko mu haura in Allah ya ba mu rai. Shugabannin da suka sa hannu a 2015 kusan duk ba za su kasance ba, mu za a tambaya.

A shiri na gaba, in sha Allahu, za mu ɗauki shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mu bi shi daga takarda har zuwa jihohin da hamada ke ci. Kafin nan, ku je ku duba kasafin nan.